Dajin da ba ya son a yawaita ƙona shi: hirar 'yan zaure kan caparal na tsaunukan Kalifoniya

Hauwa'u:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Baba Idi ya daɗe yana cewa in ba ku labarin dajin da nake karatu a kansa, yau na sauko daga tsauni da wuri, bari in sauke nauyin. Hotunan da na tura ɗazu daga tsaunukan San Gabriyel ne, waɗanda suka tokare birnin Los Anjeles ta arewa. Sunan irin wannan daji caparal, daga wata kalmar Sifaniyanci mai nufin gajeren itace mai cunkushewa. In ka hango shi daga mota sai ka ce koren bargo aka lulluɓa wa dutse. In ka matso kuwa duhuwa ce, tsayinta daga ƙugu zuwa ninkin tsayin mutum, rassa sun sarƙe da juna ba masaka tsinke. Akwai wuraren da sai da rarrafe muke shiga ƙidayar tsirrai, muna bin hanyar da barewa ta fasa.

Abin da ya fara ruɗa ni shi ne daminarsu a lokacin sanyi take, daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu. Watannin zafi kuwa ko ɗigo babu. Ruwan da birnin ke samu a shekara bai kai milimita 400 ba, kan tsauni ya fi haka. To itacen nan zafi da ƙishirwa suke haɗe masa lokaci guda, shi ya sa ganyensa ƙanana ne masu tauri kamar kirgi, wasu da maiƙo a jiki, kuma ba ya kaɗe su da rani yadda namu ke yi. Wanda ya fi yawa shi ne shamis, ganyensa kamar ƙananan allurai. Wanda na fi so kuma manzanita, ɓawonta ja ne sumul kamar an shafa mata man shanu, in ka dafa ta da tsakar rana sai ka ji sanyi a tafin hannu.

Malama Rakiya:
Wa alaikumus salam. Masha Allah Hauwa'u, wannan ai darasin aji biyar ɗina ne kike tsaye a ciki. Yanayin Bahar Rum muke ce masa, kuma wuri biyar ne kawai a duniya: gewayen Bahar Rum ɗin, Kalifoniya, tsakiyar Chile, yankin Kef a Afirka ta Kudu, da kudanci da kudu maso yammacin Ostareliya. Shekara goma sha ina zana shi a allo ban taɓa ganin hotonsa daga hannun wanda na sani ba. Tambayata, duk tsaunin haka yake har ƙoli?

Hauwa'u:
A'a Malama, tsaunin hawa-hawa ne. Kai, ko a hawa ɗaya ma fuska biyu ba sa kama. Gangaren da ke kallon kudu rana ke dukansa wuni zubur, nan shamis ke mulki, gajere, ƙasa a bushe. Ki zagaya bayan dutsen, gangaren da ke kallon arewa, sai ki tarar da itatuwa masu faɗin ganye sun fi ki tsawo, da toyon mai jajayen 'ya'ya a watan Disamba, da danshi a ƙarƙashi. Taku ɗari kacal tsakaninsu. A cikin kwazazzabai inda ruwa ke gudu akwai manyan itatuwa masu inuwa sosai.

In kika ci gaba da hawa, wajen mita 1,500 zuwa sama, caparal sai ya fara ja da baya, dogayen itatuwan fayin, masu ganye kamar allura, su karɓe. Akwai wani, fayin ɗin Kolta, kwanson 'ya'yansa ya kai girman abarba, ya haura kilo biyu, ga ƙayoyi kamar faratan shaho, ba a zama a gindinsa. Ƙolin da ya fi tsawo, wanda suke kira Baldi, ya ɗan haura mita 3,000, dusar ƙanƙara na rufe shi da sanyi. A kan wani ƙolin, Baden-Pawel, akwai wani tsohon fayin da iska ta murɗe, an kiyasta shekarunsa 1,500. Ki gangara ta bayan tsaunin kuma ki faɗa hamadar Mohabi. A wuni ɗaya duk za ki ga wannan.

Isuhu Maraɗi:
Salamu alaikum. Ƙanwata, hoto na huɗu nika kallo tun ɗazu. Wannan baƙin kututturen da toho ya hito kewaye da shi, in ba ki faɗi ba sai in rantse sabara ce bayan sassabe. Mine ne wannan ƙullutun da ke gindinshi?

Hauwa'u:
Yaya Isuhu idonka ya kai inda nake so. Shamis ne, a inda gobarar Bobkat ta ci a watan Satumba na 2020. Ƙullutun nan rumbunsa ne. Rabinsa a binne yake, cike da abinci da idanun toho. Wuta ta cinye duk abin da ke sama, bayan 'yan makonni ya fara fitar da sabbin rassa, wani lokaci tun ruwa bai sauka ba, saboda saiwarsa ta nutsa cikin tsagar dutse.

Isuhu Maraɗi:
Allahu Akbar. To ai wannan shi ne abin da ya tada ƙasarmu. A 1983 wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, yana aikin dashen itace nan Maraɗi, dashe na ta mutuwa, sai ya lura 'yan kumbun da ke cikin gonaki ba ciyawa ba ne, itace ne da aka sare, saiwa na nan da rai ƙarƙashin ƙasa. Aka koma barin toho biyu ko uku masu ƙarhi a kowane kututture, a datse saura. Sabara, kalgo, taramniya, gawo. Yau ana maganar kadada miliyan 5 da itace wajen miliyan 200 a Nijar. Ashe dajin Amurka ma dabararshi guda da namu.

Baba Idi:
'Yata Hauwa'u, Allah ya yi miki albarka, kin cika alkawari. Amma ni tsohon malamin daji ne, shekara talatin da biyu na yi a gandun daji, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Kowace shekara muna ganin Kalifoniya na ci da wuta a talabijin. Ke da bakinki kin ce dajin nan ya san wuta, yana tohowa bayanta. To me ya hana su yin abin da muka sani tun zamanin Turawa? A sa wuta da wuri, farkon rani, ciyawa da sauran danshi, ta lashe sama-sama ta mutu. A makarantar gandun daji an koya mana gwajin Olokemeji, yamma da Ibadan, wanda aka fara a 1929. Fili uku: ɗaya ana ƙona shi farkon rani, ɗaya ƙarshen rani, ɗaya ba a barin wuta ta taɓa shi. Wanda aka tsare ya koma kurmi. Na ƙarshen rani ya zama ciyawa da 'yan itatuwa jefi-jefi. Na farkon rani ya riƙe itatuwansa. Su da suke da jirage da kuɗi, sun bar makamashi na taruwa shekara hamsin, sannan su zo suna kuka. Ni a ganina sakaci ne.

Bello:
Baba ya faɗi gaskiya. Ni kuma nawa maganin ya fi sauƙi, a ba mu wurin da awaki dubu biyu, damina biyu a zo a gani.

Hauwa'u:
Baba, Allah ya ƙara girma. Wallahi da wannan tunanin na sauka ƙasar nan, kuma da yawa daga mutanen nan ma haka suke faɗa. Maganarka daidai take a dajin fayin na sama, irin na tsaunukan Siyera Nebada. Can a da wuta kan bi ƙasa duk bayan 'yan shekaru, ta cinye busasshen ganye ta bar manyan itatuwa a tsaye. Hukuma ta shafe kusan shekara ɗari tana kashe kowace wuta, makamashi ya taru, yanzu da kansu suke sa wutar da gangan. Can maganinka ne ake sha.

Caparal kuwa ba shi da sama da ƙasa. A dajinmu ciyawa ce ke ci, itace na tsaye yana kallo. A nan itacen shi ne makamashin. In ya kama, daga gindi har kai yake ci, ba a taɓa samun wutar da ta lashe sama-sama. Kuma ba duka ke da rumbun nan na Yaya Isuhu ba. Akwai jinsuna da yawa na manzanita da na wani da ake kira siyanotas da wuta ke kashe su murus. Abin da suka dogara da shi iri ne da suka yi shekaru suna zubarwa cikin ƙasa. Irin siyanotas ɓawonsa kamar dutse, ruwa ba ya ratsa shi, yana iya kwana shekaru da dama a binne har sai zafin wuta ya tsaga shi. In ya tsiro kuma yana buƙatar shekara goma ko fiye kafin ya girma ya sake tara wa ƙasa iri mai isa. In wuta ta dawo kafin nan, uwa ta mutu, 'ya'ya sun mutu, rumbu wayam.

An ga haka ƙiri-ƙiri a dutsen Otay kusa da San Diyego. Ya ƙone a 1979, aka watsa irin wata ciyawa don ta riƙe ƙasa, ciyawar ta bushe ta sake ɗaukar wuta a 1980. Wani masanin tsirrai, Paul Zedler, da abokan aikinsa suka bi filin suka ƙirga, suka tarar wani jinsin siyanotas ya kusa ƙarewa ƙaf, shamis mai rumbu ma ya ragu ƙwarai. Asalin tazarar wuta a dajin nan daga shekara 30 ne zuwa sama da 100, don tsawa ba ta cika faɗuwa a nan ba. Yanzu fiye da tara cikin goma na gobarar kudancin jihar daga hannun mutum take: wayar lantarki, tartsatsin mota, injin yankan ciyawa, masu sawa da gangan. Gobarar Sida ta 2003, wadda ta ci fiye da kadada 100,000 ta kashe mutum 15, wani mafarauci ne da ya ɓata ya hura wuta don a gano inda yake. Cutar dajin nan Baba yawan wuta ce, ba ƙarancinta ba.

Baba Idi:
To na ji ta tazara. Amma a yi ta da sanyi mana, lokacin daminar tasu, ƙasa na jiƙe, duk shekara talatin sau ɗaya.

Hauwa'u:
An gwada Baba. Irin da ya sha ruwa ba ya jure zafi kamar busasshe, dahuwa yake yi a cikin ƙasa. Wanda ya tsira ya tsiro a makare, rani ya riske shi saiwa ba ta yi nisa ba. Sai a sami fili ya buɗe, baƙin ciyayi su shige.

Malama Rakiya:
Baƙin ciyayi daga ina kuma?

Hauwa'u:
Daga Turai, tun zuwan Sifaniyawa da dabbobinsu a ƙarni na 18. Ciyayi ne masu shekara ɗaya, dangin alkama na daji da wani mastad mai rawayen fure. Suna bushewa tun watan Mayu, tartsatsi kaɗan ya ishe su, kuma sun iya dawowa ko da duk shekara ake ƙona su. Wuta ta kawo ciyawa, ciyawa ta kawo wuta. Duwatsun da ke bakin manyan tituna da yawa sun riga sun juye haka, rawaya fat, ba itace ko ɗaya. In na wuce su raina ɓaci yake, don na san abin da ke wurin a da.

Bello:
Wannan ya tuna mini abin da wani malaminmu ya faɗa, wai gambarmu ta zama annoba a Ostareliya. Na ɗauka wasa yake.

Hauwa'u:
Ba wasa ba ne Bello. An kai gamba arewacin Ostareliya don kiwo, ta fantsama daji, tana kai mita huɗu, wutarta ta fi ta ciyawarsu zafi nesa ba kusa ba, tana kashe itatuwan da suka saba da wutar ƙasarsu. Yanzu doka ta sa ta cikin miyagun ciyayi. Gambar da muke zana da ita.

Baba Idi:
Ikon Allah. Gamba!

Sani:
Tun ɗazu nake karantawa ina danne zuciyata. Ƙanwata, ina ganin girman karatunki, amma ni a Fasadina nake zaune, a gindin tsaunukan nan, shekara goma sha ɗaya. Daren 7 ga Janairu 2025 ina wurin aiki matata ta kira ni tana kuka, ta ce dutse ya kama. Na fito iska na neman kifar da mota, garwashi na gudu a kan kwalta kamar ruwa. Muka kwashi yara da takardu muka bar komai. Allah ya tsare gidan da muke haya, amma abokin aikina a Altadina da ke maƙwabtaka da mu, dattijo, gidan da ya gama biya bayan shekara talatin, bututun hayaƙi kawai ya samu a tsaye. Gine-gine sama da 9,000 suka ƙone a wannan wutar kaɗai, wadda ake kira gobarar Iton. Daga cikin wannan dajin naki ta fito. Ni yanzu in na ɗaga kai na ga koren nan a kan dutse, fetur nake gani. A sa katafila a kankare shi daga bakin gari har kilomita biyar, in ya so furanni su yi haƙuri.

Isuhu Maraɗi:
Inna lillahi. Allah shi maida alheri Malam Sani, Allah shi kiyaye gaba.

Baba Idi:
Sannu Sani. Allah ya mayar musu da mafificinsa.

Hauwa'u:
Yaya Sani, sannu, Allah ya tsare gaba. Ni ma na kwana biyu a ɗakin wata ƙawata da jakata a bakin ƙofa, kuma ba zan taɓa fifita itace a kan ran mutum ba. Da na san kankare dutsen zai hana a sake ganin daren nan, da ni zan fara roƙon a yi.

Amma ka tuna iskar da ka ce ta kusa kifar da motarka. Santa Ana ce, 'yar'uwar iskar hunturunmu, daga hamada take gangarowa a bushe, sai dai ita tana matsewa ta cikin kwazazzabai ta fito da ƙarfin guguwa. A daren nan ta kusa kilomita 160 a sa'a a kan tsauni. Ga shi tun watan Mayu ba a yi ruwan kirki ba, bayan damina biyu masu albarka da suka tsirar da komai. A irin wannan iska garwashi na tashi ya yi tafiyar kilomita ɗaya ko biyu, ya tsallake titi mai layi takwas. Gidajen da suka ƙone da yawa suna can tsakiyar unguwa, nesa da daji. Garwashi ne ya shiga ta ramukan shan iska na rufi, ko ya sauka a busasshen ganye cikin indararo, ko ya kama shingen katako, daga nan gida ya kunna wa gida.

In aka kankare dutsen, ba zai zauna tsirara ba. Ciyawar nan ce za ta rufe shi, wadda ta fi saurin kamawa kuma wutarta ta fi gudu. Sannan ga ruwa. San Gabriyel tsaye suke kamar bango, dutsensu rubugu ne, saiwar caparal ce ke ɗaure da shi. Bayan gobara ƙasar kan yi wani maiƙo da ruwa ba ya shiga. Ka tuna garin Montesito: gobarar Tomas ta cinye duwatsun a Disamba 2017, ranar 9 ga Janairu 2018 ruwa ya sauko da asuba, laka da duwatsu masu girman mota suka bi ta cikin gari mutane na barci, mutum 23 suka rasu.

Sani:
Na tuna Montesito. Amma kina nufin mu naɗe hannu kenan?

Hauwa'u:
A'a Yaya. A fara daga jikin gida a yi waje. Dokar jihar ta ce a rage makamashi har mita 30 kewaye da gida, ragewa, ba a mai da shi fako ba. Taku biyun farko daga bango kada a bar komai mai ci, ko tarin itace ko shuka. A sa raga mai ƙananan ido a ramukan iska, rufi ya zama wanda ba ya kamawa. A gyara wayoyin lantarki, a kula da bakin titi inda wuta ke tashi. A daina yanka sabbin unguwanni a bakin kwazazzaban da aka san nan iska ke bi. Awakin Bello ma suna da gurbi a nan, ana hayarsu. A 2019 awaki 500 sun share kewayen ɗakin karatu na tsohon shugaban Amurka Reagan, da wuta ta zo a watan Oktoba filin da suka cinye ya taimaka wa 'yan kwana-kwana. Amma a bakin gini, ba a saki garke cikin tsauni ba.

Bello:
To alhamdu lillahi, an dai ba mu bakin gini.

Sani:
Ragar nan zan yi wa mai gidanmu maganarta gobe, ban san da ita ba. Sauran kuwa ban gamsu duka ba ƙanwata. Wanda ya ga abin da na gani ba zai kalli dutsen nan da idonki ba.

Hauwa'u:
Na fahimta Yaya, kuma ba zan matsa ba. In ka yarda dai, wata Asabar cikin Afrilu ka kawo su Amira mu hau tare, ko awa biyu. A wurin da ya ƙone, daminar farko, akwai furannin da ba a ganinsu sai bayan wuta. Wani mai ƙananan ƙararrawa rawaya, in ya bushe iska ta taɓa shi sai ka ji yana raɗa. Irinsa na kwance a ƙasa shekara da shekaru, ruwa ba ya tada shi, zafi ba ya tada shi, sai hayaƙi. Wani masanin dajin nan, Jon Keeley, da abokiyar aikinsa sun nuna haka a 1997, suka busa wa irin hayaƙi na ɗan lokaci ya tsiro. Shekara ɗaya ko biyu su yi fure su zuba iri su ɓace, sai wata wutar. Yaran za su ga siyanotas ma, in ka murza furensa da ruwa a hannu kumfa yake yi kamar sabulu. Sai dai a sa dogon hannu, akwai wani mai shuɗin fure da ke fitowa a ƙonannen wuri, taɓa shi na sa ƙuraje masu ƙaiƙayi na makonni.

Sani:
Zan tambayi uwarsu. In ta yarda za mu zo.

Baba Idi:
'Yata, na janye kalmar sakaci a kan caparal, amma ban janye ta a kan dajin fayin ba, ke ma kin ba ni gaskiya a can. Abin da ya dame ni yanzu na gida ne. Mu ma yaran da ke farautar gafiya suna banka wa daji wuta a watan Maris, lokacin da komai ya bushe ƙayau, kowace shekara. Kalgo da sabara suna dawowa, shi ya sa muke cewa ba komai. Amma yaushe rabon da in ga ƙaramin maɗaci ko ƙaramar ɗorawa da ta tsiro da kanta a dajin da na yi tsaro? Duk tsofaffi ne a tsaye. Ban taɓa zama na ƙirga ba.

Malama Rakiya:
Baba wannan aikin ɗalibaina za su iya. Hauwa'u, ki rubuto mana yadda kuke yanka fili da yadda kuke ƙirgawa, da abin da za mu iya da igiya da turaku kawai.

Hauwa'u:
Igiya da turaku da littafi su ne kayan aikin Malama, mu ma da su muke yi. Zan rubuto daren Lahadi in sha Allah. Baba, kai za ka zaɓa musu wurin, kuma kai za ka faɗa musu sunan kowane tsiro, don ƙaramin maɗaci ba kowa ke gane shi ba.

Isuhu Maraɗi:
Ni kuma in kin koma tsauni ki ɗauko mini hoton ƙullutun nan kusa-kusa, ki aza hannunki gehe don a ga girmanshi. Ranar kasuwa muna da taro da manoma, ina so in gwada musu.